Wa ke shiga ajin kimiyya da injiniyanci, wa ke kaiwa ƙarshe? Tambayoyi da amsoshi kan damawa da kowa

Duk inda aka tayar da maganar ba kowa dama a karatun kimiyya da injiniyanci, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu na ganin gyara ne da aka daɗe ana jira, wasu na ganin siyasa ce aka shigo da ita ɗakin gwaje-gwaje. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin ɓangarorin biyu suke fitowa, daga iyaye, malamai, ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata. Matsayina a bayyane yake: basira tana ko'ina, amma yadda ake koyarwa da yadda ake tankaɗe ɗalibai na zubar da ita, kuma ana iya gyara wannan ba tare da an rage wa ilimin nauyi ba.

Me ake nufi da wannan batu tun farko?

Abubuwa uku ne ake haɗawa. Na farko shi ne su waye ke cikin ajin: maza da mata, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, na birni da na karkara, masu lafiyar jiki da masu buƙata ta musamman, mutane masu launi da harshe da addini daban-daban. Na biyu shi ne adalci, wato a ba kowane ɗalibi abin da yake buƙata domin ya kai ma'aunin da aka gindaya wa kowa. Makaho ba ya neman a rage masa tambayoyin jarrabawa, yana neman takardar ta zo masa a rubutun da zai iya karantawa. Na uku shi ne wanda ya shigo ya ji cewa da shi ake yi: ana sauraronsa idan ya yi magana, ana miƙa masa kayan aiki, ana sa sunansa a aikin da ya yi.

Na farkon ne ake yawan ɗauka a hoto, domin shi ya fi sauƙin nunawa. Na ukun ne ke yanke hukuncin ko ɗalibi zai kammala.

Akwai matsala da gaske, ko kuwa ana zuzutawa ne?

Akwai. Rahoton kimiyya na UNESCO na 2021 ya nuna cewa mata kusan kashi ɗaya cikin uku ne na masu bincike a duniya, kuma kashi 28 cikin ɗari ne kacal na masu kammala digirin injiniyanci. Daga 1901 zuwa 2023 mata biyar ne suka sami kyautar Nobel a fiziks: Marie Curie a 1903, sai aka shekara sittin kafin Maria Goeppert Mayer a 1963, sannan Donna Strickland a 2018, Andrea Ghez a 2020 da Anne L'Huillier a 2023. Lambar yabo ta Fields, wadda ita ce mafi daraja a lissafi, an fara ba da ita a 1936, amma mace ba ta karɓe ta ba sai a 2014, lokacin da Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta samu.

Ba maganar mata kaɗai ba ce. Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi tarihin masu ƙirƙira sama da miliyan ɗaya a Amurka, suka gano cewa yaron da aka haifa a gidajen da suka fi kowa kuɗi, wato kashi ɗaya cikin ɗari na sama, ya fi yaron da iyayensa ke ƙasa da matsakaicin samu damar zama mai ƙirƙira har ninki goma. Abin da ya fi ɓata rai a binciken shi ne ko yaran talakawa da suka yi fice a lissafi tun suna aji uku na firamare ba su cika zama masu ƙirƙira ba. Ƙwaƙwalwar na nan, hanyar ce babu.

Ba halitta ba ce? Ai an ce maza sun fi mata kan lissafi.

Idan da halitta ce, da alƙaluman sun zama iri ɗaya a ko'ina kuma a kowane zamani. Ba haka suke ba. A wancan rahoto na UNESCO, mata sun kai kusan rabin masu kammala injiniyanci a Aljeriya, sun haura kashi 40 a Tunisiya da Maroko, alhali a Amurka kusan kashi 20 ne, a Japan kuwa kashi 14. A Amurka mata sun karɓi kashi 37 na digirin kimiyyar kwamfuta a 1984, daga baya adadin ya faɗo ƙasa da kashi 20. Ƙwaƙwalwar 'yan matan Amurka ba ta canza ba cikin shekara ashirin. Abin da ya canza shi ne kwamfutar gida ta shigo kasuwa ana tallata ta a matsayin kayan samari, sai samari suka riƙa zuwa jami'a da sabo da ita, malamai kuma suka fara ɗaukar wannan sabon a matsayin baiwa.

A 2008 Janet Hyde da tawagarta sun duba sakamakon jarrabawar lissafi ta ɗalibai sama da miliyan bakwai a jihohi goma na Amurka, suka tarar bambancin matsakaicin maki tsakanin maza da mata bai taka kara ya karya ba. A jarrabawar ƙasa da ƙasa ta TIMSS kuma, 'yan mata ne ke gaba a kimiyya a ƙasashe irin su Jodan da Oman.

Ana iya muhawara kan sha'awa, cewa wasu sun fi son aiki da inji, wasu sun fi son aiki da mutane. Ba na musun cewa mutane sun bambanta a abin da suke so. Amma kafin a ce yarinya ba ta son injiniyanci, a fara tambaya ko an taɓa barin ta ta kwance wani abu ta ɗaura.

A ina ake rasa waɗannan ɗalibai?

A matakai da dama, amma biyu sun fi muni. Na farko sakandare ce, inda makarantar da ba ta da malamin fiziks ko ɗakin gwaji ke rufe wa ɗalibanta ƙofa tun kafin su san akwai ta. Yaro ba zai nemi gurbin injiniyanci ba idan bai taɓa zama ajin lissafi mai zurfi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Na biyu shi ne shekarar farko a jami'a. A nan ake haɗa ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗaki ɗaya, a koya musu lissafin kalkulas da fiziks da kemistiri cikin sauri, wasu malaman ma suna alfahari da yawan waɗanda suka kayar. Ɗalibin da yayansa ko mahaifinsa ya bi wannan hanya ya san cewa faɗuwa a gwajin farko ba ƙarshen duniya ba ce, ya san ana zuwa ofishin malami a yi tambaya, ya san inda ake samun tsofaffin tambayoyi. Wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a bai san ko ɗaya ba. Idan ya faɗi sau ɗaya sai ya ce wannan wuri ba nasa ba ne, ya koma wani fanni ko ya bar karatun. Makarantar da ta sa dukan ƙarfinta wajen jawo sababbin fuskoki ta bar shekarar farko yadda take, ɗiban ruwa take yi da kwando.

Me ya haɗa gada ko inji da launin fata ko jinsin wanda ya zana shi? Ai lissafi ɗaya ne.

Lissafin ɗaya ne, babu gardama. Amma wane ne ake tunawa da shi lokacin zane, kuma a jikin wa ake gwada abin? Nan ne bambancin yake shigowa.

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa don auna iskar oksijin a jini tana aiki ne da hasken da ke ratsa fata. Wani bincike da likitocin Jami'ar Michigan suka wallafa a 2020 ya nuna cewa na'urar ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Wato ta nuna mutum lafiya lau alhali yana buƙatar taimako, kuma wannan a tsakiyar annobar korona. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni uku. Kuskuren bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a kan maza masu hasken fata, amma ya kai kusan kashi 35 a kan mata masu duhun fata. Shekaru da yawa kuma ana gwada ƙarfin motoci da mutum-mutumin da aka ƙera a kan jikin matsakaicin namiji. Wani bincike na Jami'ar Virginia a 2011 ya gano cewa macen da ke tuƙi ɗaure da bel ta fi namiji haɗarin samun mummunan rauni da kashi 47 cikin ɗari a hatsari iri ɗaya.

Babu wanda ya zauna ya shirya cutar da kowa a waɗannan misalai. Tambayar ce ba a yi ba, domin wanda za ta faɗo wa a rai ba ya cikin ɗakin. Ba ina cewa kowace baƙar mace za ta hango kowane kuskure ba, ko kuwa farin namiji ba zai iya hangowa ba. Amma ba banza ba ne ya kasance Buolamwini, wadda ita kanta baƙar fata ce, ta fara binciken nata ne bayan da manhaja ta kasa ganin fuskarta har sai da ta rufe ta da farin abin rufe fuska.

Wannan ba rage ma'auni ba ne? Wa ke son injiniyan da aka tausaya wa ya gina masa gada?

Babu mai so, kuma wannan tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Idan makaranta ta ba mutum takardar shaidar da bai cancanta ba, ta cuci jama'a, ta kuma cuci shi kansa. Amma shirye-shiryen da suka yi nasara ba haka suka yi ba. Yawancinsu ƙara wa ɗalibai aiki suka yi.

A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya lura cewa baƙaƙen ɗalibai na yawan faɗuwa a kalkulas, har waɗanda suka zo da sakamako mai kyau. Abokan aikinsa sun ce talauci ne, ko rashin himma, ko raunin makarantun da suka fito. Shi kuwa ya bi ɗaliban ya ga yadda suke karatu, ya kwatanta su da ɗalibai 'yan asalin Sin da ke cin kwas ɗin. Ya tarar baƙaƙen na karatu sosai, amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa. 'Yan asalin Sin kuwa bayan sun yi nasu, sukan taru su duba aikin juna, su gyara wa juna kuskure, su gane ko tambayar ce ke da wuya ga kowa ko su ne ba su fahimta ba. Sai Treisman ya kafa zaman haɗin gwiwa. Bai kira shi ajin masu rauni ba, ya kira shi ajin zaƙaƙurai, ya kuma riƙa ba su tambayoyin da suka fi na ajin wuya. Faɗuwa ta ragu ƙwarai, jami'o'i da yawa suka kwaikwayi tsarin.

Haka shirin Meyerhoff da aka kafa a 1988 a Jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore, ƙarƙashin jagorancin Freeman Hrabowski. Ana haɗa ɗalibai tun kafin zangon farko, a sa su karatu rukuni-rukuni, a tura su bincike tun da wuri, a kuma gaya musu ƙarara cewa digirin digirgir ake sa ran su yi. Jami'ar ta zama kan gaba a Amurka wajen yaye baƙaƙen ɗaliban da ke zarcewa su yi digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci. Kizzmekia Corbett, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci binciken da ya haifar da rigakafin korona na Moderna, a shirin ta tashi.

Abin da ya kamata a tambayi kowane shiri shi ne: jarrabawar ƙarshe ɗaya ce ga kowa? Idan ɗaya ce, babu ma'aunin da aka rage.

Har yanzu ana nuna bambanci a jami'o'i, ko ya zama tarihi?

Bai zama tarihi ba. A 2018 aka bankaɗo cewa Jami'ar Koyon Likitanci ta Tokyo ta shafe shekaru tana murɗa makin jarrabawar shiga domin rage yawan mata. Wannan na fili ke nan. Na ɓoye ya fi yawa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale suka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takardar iri ɗaya ce, sai dai wasu sun ga sunan John a kanta, wasu Jennifer. An ga John ya fi ƙwarewa, an yi masa tayin albashin kusan dala 30,000 a shekara, Jennifer kuwa kusan 26,500. Malamai mata ma sun nuna wannan son kai kamar yadda maza suka nuna.

Gaskiya ta sa a ambaci ɗaya ɓangaren. Wani gwaji na 2015 da Wendy Williams da Stephen Ceci suka yi ya nuna malaman jami'a sun fi karkata ga mace idan aka ba su ƙwararru biyu masu ƙarfi daidai wa daida don aikin koyarwa. Wannan na nuna cewa matsalar ba iri ɗaya ba ce a kowane mataki. Inda ƙwarewar mutum ta riga ta fito fili, son kai kan ja baya. Inda ɗalibi ke farawa, ba a tabbatar da shi ba tukuna, a nan zato ke cike gurbin sani.

Malami ɗaya me zai iya canzawa a ajinsa?

Da yawa, kuma wannan ne ɓangaren da hujja ta fi ƙarfi. A 2014 Scott Freeman da abokansa sun tattara bincike 225 da suka kwatanta lacca zalla da koyarwar da ɗalibai ke aiki a cikin aji: warware tambaya, tattaunawa da na kusa, ba da amsa nan take. A azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, a ɗaya tsarin kusan kashi 22. Wani nazari na 2020 ya nuna wannan tsari na rage tazarar maki tsakanin ɗaliban da aka saba bari a baya da sauran da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kowa ya ƙaru, amma na baya sun fi ƙaruwa.

Kwalejin Harvey Mudd a Kalifoniya ta yi wani abu mai sauƙi wajen 2006. Ta raba ajin farko na kwamfuta gida biyu, waɗanda suka taɓa rubuta manhaja da waɗanda ba su taɓa ba, domin kada 'yan kaɗan masu sabo su mamaye ajin su tsorata sauran. Ta sauya darasin ya koma warware matsalolin kimiyya na zahiri da harshen rubuta manhaja na Python, ta kuma buɗe wa 'yan shekarar farko damar bincike. Cikin 'yan shekaru matan da ke karanta kwamfuta suka tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan kashi 40.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. A aikin rukuni, a riƙa juya ayyuka, don kada ya zama kullum mace ce ke rubuta rahoto namiji na riƙe da kayan aiki. Kada a jefa mace ɗaya tilo a kowane rukuni wai don a rarraba su, gara biyu a wuri ɗaya. A rubuta ƙa'idar ba da maki kafin a ga sunaye, in da hali a duba takardu da lamba. A bayyana abin da ake zaton kowa ya sani: yadda ake neman ganin malami, yadda ake shiga bincike, yadda ake neman tallafin karatu. Bayan an yi tambaya a dakata ɗan lokaci kafin a zaɓi mai amsa, domin hannun da ya fara tashi ba lallai ne na wanda ya fi tunani ba.

Makaho ko kurma zai iya karatun kimiyya kuwa?

An daɗe da amsa wannan. Nicholas Saunderson ya makance tun yana jariri sakamakon cutar agana, amma a 1711 ya hau kujerar farfesan lissafi ta Kambirij wadda Isaac Newton ya taɓa riƙewa, yana lissafi da wani allo mai ƙusoshi da ya ƙera wa kansa. Abraham Nemeth ya fito da tsarin rubuta lissafi da rubutun makafi a 1952, ana amfani da shi har yau. Geerat Vermeij ya zama babban masanin halittun ruwa masu ɓawo yana nazarinsu da yatsunsa. Wanda Díaz-Merced 'yar Puerto Rico na mayar da bayanan taurari su zama sauti ta saurare su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da wata nakasa, wato kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi tare da kowa. Abin da ke tare musu hanya yawanci gyaransa ba shi da tsada: teburin gwaji da keken guragu ba ya shiga ƙarƙashinsa, zanen da ba a bayyana shi da kalmomi ba, bidiyo marar rubutu, malamin da ke magana ya juya wa aji baya, ƙararrawar gobara marar fitila. Wani lokaci kuma a ce tsaro ne ya hana, ba tare da an zauna da ɗalibin an duba yadda za a yi gwajin lafiya ba.

Ware gurabe fa? Adalci ne?

Nan ne masu hankali ke saɓani, ƙasashe ma sun bi hanyoyi mabambanta. Birazil ta kafa doka a 2012 da ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka fito daga sakandaren gwamnati, tare da la'akari da samun iyaye da launin fata. Manyan cibiyoyin fasaha na Indiya, inda a lokacin mata ba su kai kashi 10 ba, sun ƙirƙiri ƙarin gurabe na mata daga 2018, da burin kashi 14 a shekarar, 17 a 2019, 20 a 2020. Ba a ƙwace gurbin kowa ba, kuma sai wadda ta ci jarrabawar shiga. Amurka ta juya ɗaya ɓangaren: a watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma gwamnatin Trump ta ba da umarnin rufe shirye-shiryen damawa da kowa a hukumomin tarayya.

A ganina ware gurabe na iya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe, kuma maki 70 daga makarantar da ba ta da malamin fiziks na iya nuna hazaƙar da ta fi maki 80 daga makarantar da ke da komai. Amma yana da farashi. Yana jawo wa wanda aka ɗauka zargin cewa alfarma aka yi masa ko da ya cancanta, yana kuma iya amfanar 'ya'yan masu hali na cikin rukunin ya bar talakansu. Mafi muni, yana ba shugabanni damar cewa sun gama aiki alhali ba su taɓa sakandare ko shekarar farko ba. Duk abin da aka ambata a sama na gyaran koyarwa ana iya yin sa ko doka ta yarda da ware gurabe ko ba ta yarda ba.

Taron bita na kwana ɗaya kan son kai yana da amfani?

Kaɗan ne, idan shi kaɗai ne. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun duba kamfanonin Amurka sama da 800 na tsawon shekaru talatin, suka ga horon dole ba ya ƙara yawan mata da tsiraru a shugabanci, wani lokaci ma yana jawo turjiya. Abin da ya yi aiki shi ne haɗa sabon ma'aikaci da jagora, da ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin sakamako. A Jami'ar Massachusetts da ke Amherst an gwada wannan da ɗalibai mata 150 na injiniyanci: duk waɗanda aka haɗa da wata ɗaliba ta gaba da su sun ci gaba da karatun bayan shekarar farko, alhali a cikin waɗanda ba su da jagora kashi 89 ne suka ci gaba.

Ina matsayin harshe a wannan batu?

Babba ne, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. UNESCO ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari na jama'ar duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke ji sosai. Yaron da ke kokawa da harshen malami da kuma darasin a lokaci guda, idan ya faɗi ba a san wanne ya kayar da shi ba. A matakin farko, bayani da harshen gida tare da koyar da kalmomin fannin ya fi dacewa. A jami'a kuwa, malami ya raba tsakanin kuskuren nahawu da kuskuren kimiyya lokacin ba da maki.

Batun tsangwama da cin zarafi ya shigo ciki?

Ya shigo, kuma babu gyaran manhajar karatu da zai riƙe ɗalibar da malaminta ke nema da maki. Rahoton Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka na 2018 ya kawo binciken da ya nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai mata a injiniyanci sun fuskanci tsangwama daga malamai ko ma'aikata. Mafi yawanta ba neman lalata ba ne, raini ne da wulaƙanci da maganganun da ke nuna mace ba ta dace da wurin ba. Rahoton ya ce abin da ya fi nuna inda hakan zai faru shi ne ko mutane na ganin hukumar na ɗaukar mataki. Dole a sami hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba, kuma kada makomar ɗalibin bincike ta rataya a wuyan malami ɗaya tak.

Ɗana namiji ne, lafiyayye, mai ƙoƙari. Me zai rasa?

A aji, babu. Koyarwa mai sa ɗalibi aiki, ƙa'idar maki bayyananniya, jagora, da malamin da ba ya wulaƙanta mai tambaya, duk zai amfana da su. Zai kuma fita aiki ya tarar da abokan aiki da masu amfani da abin da ya ƙera daga kowane irin gida. Inda gurabe suka yi kaɗan kuwa, gaskiya ne gasa za ta ƙaru idan waɗanda ba sa nema a da suka fara nema. A lura kuma cewa samari 'ya'yan talakawa na cikin waɗanda aka fi bari a baya, kuma a ƙasashe da yawa yanzu mata sun fi maza shiga jami'a. Shirin da ya manta da su bai cika ba.

Ta yaya makaranta za ta san ko tana ci gaba?

Ta ƙirga, ta kuma rarraba ƙidayar. Yawan waɗanda aka ɗauka bai isa ba. A duba kowane kwas na shekarar farko: nawa suka faɗi ko suka janye, maza nawa mata nawa, daga wace irin sakandare, nawa ne na farko a gidansu da suka shiga jami'a. A duba wa ke samun gurbin bincike da na koyon aiki a kamfani, wa ke kammalawa a kan lokaci, wa ke samun aiki a fannin. Tsarin Athena Swan da aka fara a Birtaniya a 2005 a kan wannan ya ginu: sashe ya fito da alƙalumansa, ya faɗi abin da zai gyara, a dawo a duba bayan 'yan shekaru. An yi suka a kansa saboda yawan cike takardu, da kuma cewa aikin kan faɗa kan matan sashen, sukar kuma na da tushe, don haka shugaban sashe ne ya kamata ya ɗauki nauyin, a kuma lissafa aikin cikin ayyukan da ake ƙarin girma da su.

Sannan a nemi waɗanda suka bar fannin a tambaye su dalili, musamman waɗanda suka tafi da maki mai kyau. Idan ɗalibai kaɗan ne a wani rukuni, a haɗa alƙaluman shekaru uku ko huɗu kafin a fitar, domin kada a gane mutum ta hanyar lamba.